ZAUREN IYALI: Mai a Tukunya, Mai a Jini

 A watan jiya na yi alkawari za mu ci gaba da zancen kuɗin makarantar yara. Ku gafarce ni, wani abu ya faru a ikkilisiyarmu wanda ya sa na ajiye wancan zance sai wata mai zuwa.

Muna da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, kakkauran mutum mai fara'a, wanda yakan karanta mana Littafi a sujadar Lahadi tun ina saurayi. Mako biyu bayan Kirsimati yana zaune a ƙofar gidansa da safe, jikarsa ta kawo masa kunu. Ya miƙa hannu zai karɓi kofi, hannu ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, baki ya karkace. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, Allah kuwa ya ja kwanansa, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yau da sanda yake tafiya yana jan ƙafa, harshensa ya yi nauyi, ba ya iya karatu a gaban jama'a.

Da na je gaishe shi, Mama, matarsa, ta jawo wata tsohuwar leda daga ƙarƙashin gado ta nuna mini. A ciki akwai takardar asibiti ta shekara biyu da suka wuce, da ƙwayoyin magani da ba a sha ba. Ashe tun a lokacin likita ya gaya masa yana da hawan jini, kitse kuma ya yi yawa a jininsa. Ya sha magani wata biyu, ya ga ba inda ke yi masa ciwo, sai ya ajiye, ya koma shan ruwan zafi da lemun tsami da tafarnuwa. Baba ya kama hannuna da hagunsa, ya ce da ƙyar, “Malam, ka rubuta. Ka gaya musu.” Dalilin wannan rubutu ke nan.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A makon nan ni ma na je aka ɗebi jinina. Na shiga da ƙarfin zuciya, gama ni ba mai ƙiba ba ne sosai, ɗan tumbi ne kawai na shekara arba'in da ɗoriya. Likita ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce, “Malam, me kuke ci a gida?” Na ce, “Abin da kowa ke ci, likita.” Ya ce, “To, zauna mu yi magana.”

MENE NE KITSEN JINI?

Sunansa a asibiti kolestarol. Wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma. Kada mu ɗauke shi abokin gaba tun daga farko, gama Allah ne ya sa shi a jiki domin amfani. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki. Da shi jiki ke haɗa sinadaran balaga na maza da na mata. Da irinsa fata ke yin bitamin D in rana ta taɓa ta, da shi kuma hanta ke yin ruwan matsarmama mai narkar da mai a hanji. Yawancinsa hanta ce ke yi da kanta. Sauran yakan shigo ta abincin da ya fito daga dabba, watau nama, ƙwai da madara.

Kowace uwargida ta san mai ba ya garwaya da ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Saboda haka kitsen nan ba ya tafiya a jini shi kaɗai, sai 'yan dako sun ɗauke shi. Akwai masu ɗaukarsa daga hanta su kai ko'ina cikin jiki, a takardar asibiti ana rubuta su LDL. Akwai kuma masu kwaso ragowa su mayar wa hanta, su ne HDL. In LDL suka yi yawa, sai su riƙa shiga cikin bangon jijiyar jini suna maƙalewa. A hankali wurin ya kumbura kamar ƙurji, hanyar jini ta riƙa ƙuntata, shekara da shekaru. Wata rana ƙurjin ya fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe ɗungum. In jijiyar zuciya ce, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini, ciwon sukari da shan taba suna ƙuje bangon jijiya, su hanzarta wannan ɓarna. A ƙasarmu ma hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki, don haka wanda zai auna ɗaya, ya auna duka.

Abin tsoron shi ne, duk shekarun nan da hanya ke ƙuntata, mutum ba ya jin kome. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, ba kasala. Ba a kuma gane shi da ido. Akwai mai ƙiba da jininsa ke lafiya, akwai siriri kamar kara wanda kitsen jininsa ya kai maƙura. Wajen mutum 1 cikin 250 gadonsa ya yi daga iyaye, hantarsa ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata tun daga haihuwa. Gidan da aka yi mutuwar farat ɗaya ta mai ƙananan shekaru, ko bugun zuciya tun mutum bai kai hamsin ba, ya kamata 'ya'ya da ƙanne duka su je awo.

Ga lambobin da za ku duba a takardarku. Jimillar kolestarol ana so ta kasa 200. In ta kai 240 ta yi yawa. LDL ana so ya kasa 100. In ya kai 160 ya yi yawa. HDL kuwa yawansa ake so, kada ya kasa 40 ga namiji, 50 ga mace. Akwai wani kitse na dabam da ake rubutawa TG, wanda sukari, giya da ƙiba ke hau da shi. Shi ana so ya kasa 150. Waɗansu asibitoci da wani ma'auni suke aiki, a can 200 ɗin nan za ku gan shi 5.2, kada ku ruɗe. Tawa jimillar 248 ce, LDL kuma 171.

YADDA MASANA SUKA GANE

Wani zai ce, wa ya shiga cikin jijiya ya gani? An daɗe ana binciken abin. A shekarar 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya riƙa ciyar da zomaye da kolestarol, da ya duba jijiyoyinsu ya tarar da irin kumburin nan da ake samu a jikin mutane. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana auna su shekara bayan shekara, aka ga masu yawan kitsen jini, da hawan jini, da masu shan taba su ne ciwon zuciya ya fi kamawa.

Labarin da ya fi taɓa ni kuwa daga ƙasar Finlan yake. Akwai wani lardi can, Kareliya ta Arewa, mutanensa manoma ne da masu saran itace, ƙarfafa masu aikin wuya. Duk da haka mazansu suna ta faɗuwa da ciwon zuciya tun suna da sauran ƙarfi, har ya zama da wuya a sami inda ya fi su a duniya. Abincinsu man shanu ne, da madara mai maiƙo, da kitsen nama, da gishiri, ga kuma taba. A 1972 wani matashin likita, Pekka Puska, da abokan aikinsa suka shiga ƙauyuka suna koya wa jama'a su sauya man girki, su ƙara ganye, su rage gishiri, su bar taba. Cikin waɗanda suka ɗauki aikin a ka har da wata ƙungiyar matan gida mai suna Marta, waɗanda suka riƙa tara mata suna nuna musu sabon girki. Bayan shekara 40, mutuwar ciwon zuciya a tsakanin mazan da ke cikin shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Asibiti ya taimaka, amma babban rabon aikin a gida aka yi shi. 'Yan Zumuntar Mata, kun ji abin da takwarorinku suka yi.

MU KOMA MADAFA

Na dawo gida na nuna wa uwargida takarda. Ta karanta, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “To, Malam, watau girkina ne ke kashe ka?” Na ce, “A'a, Maman yara, ni ne nake tura miki kwano in ban ga mai yana yawo a kan miya ba.” Gaskiya kuwa na faɗa. Mu da mai muke auna ƙauna. Matar da miyarta ba ta ƙyalli sai a ce marowaciya ce. In Fasto ya zo gida, tozo da kitse ake tsame masa. In mutum ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo, matarsa ta iya kiwo. Ran Kirsimati da bikin aure kuwa ba a magana: cincin, fanke, soyayyen nama, lemon kwalba, a wasu gidajen har da naman alade da kitsensa.

Abin da likita ya koya mini ke nan. Kolestarol da ke cikin abinci ba shi ne babban mai laifi ba. Babban mai laifi shi ne irin man nan mai daskarewa, domin shi ke sa hanta ta rage kwashe LDL daga jini. Gane shi ba wuya, ku duba kwanukanku da safiyar hunturu. Kitsen sa da na rago, man shanu, bota, manja, man kwakwa, duk za ku tarar sun yi barci. Wajen rabin manja irin wannan mai ne, man kwakwa ya fi haka nesa, man gyaɗa na gaske kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Na ce na gaske, gama da yawa daga man da ake sayarwa a jarka da sunan man gyaɗa tataccen manja ne, shi ya sa yakan yi kauri da sanyi. Kada kuma rubutun nan na jikin galan, wai babu kolestarol, ya ruɗe ku. Ba man tsiron da ke da shi da ma. Abin tambaya shi ne ko mai daskarewa ne.

Akwai wanda ya fi wannan muni, watau man da aka sarrafa a masana'anta aka daskarar da shi da gangan domin ya daɗe bai lalace ba, irin wanda akan sa a waɗansu biskit da kek da botar gwangwani. Yana hau da LDL, ya kuma saukar da HDL. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Man suya da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi, shi ma a zubar.

Ƙwai fa? Ƙwai ɗaya yana da kolestarol wajen miligiram 186, duka a gwaiduwa, amma ga yawancin masu lafiya ƙwai ɗaya a rana ba ya ɓarna. A dafa shi ya fi a soya. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa. Ƙwaƙwalwa, hanta da ƙoda na dabba kuwa suna da shi da yawa, a riƙa ci jefi-jefi.

ABIN DA MUKA SAUYA

Ba mu sayi wani abincin Turawa ba. Abincin kakanninmu muka koma wa. Na farko, muka ajiye ludayi, muka ɗauki cokali. Da can kwalbar mai ba ta kwana biyar a gidanmu, yanzu tana kai kwana goma sha biyu, kuɗin cefane ma ya sami sauƙi. Manja bai bar gidan ba, ana dai auna shi. Nama a yanke kitsen kafin a sa a tukunya, kaza a cire fata, romo in ya huce a kwashe man da ya taru a sama. Sau biyu a mako kifi ne, musamman mai maiƙo irin su sadin, gama man kifi dabam yake da kitsen sa. In na tsaya wajen mai tsire, nakan ce ya ba ni tsoka zalla. Nono kuwa tsala muke saye maimakon kindirmo, tun da an riga an cire masa mai.

Na biyu, wake da yauƙi. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Na ce muku hanta da kolestarol take yin ruwan matsarmama. Ruwan nan in ya gama aikinsa a hanji, jiki yakan tsotse yawancinsa ya mayar wa hanta. To, akwai wani abu a cikin wake, gurjiya, kuɓewa da 'ya'yan itace wanda ke zama kamar yauƙi a hanji, ya riƙe ruwan matsarmama ya fita da shi bayan gida. Dole hanta ta ɗebo kolestarol daga jini ta yi sabo, ta haka LDL ke sauka. Miyar kuɓewa da muke rainawa ashe tana aiki. Yanzu alala ta maye gurbin ƙosai a yawancin safiya. Muna cin fate da ganye, dambun zogale, kwaɗon rama, tuwon dawa da na gero da ba a surfe su sun yi fari fat ba, da acca in an samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 a rana, watau kamar cikin tafin hannu sau biyar. Gwaiba, gwanda, lemo, yalo, gauta, kowanne a lokacinsa yana da araha. Gyaɗa da riɗi ma suna da kyau, cikin hannu ɗaya ya isa.

Na uku, tafiya. Tsakanin gidana da makaranta tafiyar minti 25 ce, amma shekara shida a kan babur nake zuwa. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a mako na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗan ƙaru, watau rabin sa'a sau biyar. Na ajiye babur. Yara suka yi ta tambaya ko ya lalace ne. Manomi da mai daka da mai ɗiban ruwa sun riga sun biya wannan bashi. Mu malamai, da masu zaman kanti da ofis, da direbobi, mu ne ake bi.

Na huɗu, sukari. Cokali uku nake zubawa a shayi, yanzu ɗaya ne, lemon kwalba kuwa sai ran biki. Wanda ke shan taba, ko yake laɓewa wajen burukutu, ya sani ba dattawan ikkilisiya kaɗai ke yi masa faɗa ba, jijiyoyinsa ma suna kuka.

Iyaye mata, ga gargaɗi ɗaya. Wannan ƙa'ida ta manya ce. Kada a hana ƙaramin yaro mai, ƙwai ko madara, musamman wanda bai kai shekara 2 ba, domin ƙwaƙwalwarsa tana bukatarsu. Jan manja kuma yana ba yara bitamin A mai kare ido.

Bayan wata huɗu na koma awo. Jimilla ta sauko 219, LDL 144, ɗamarata ta matsa rami ɗaya. Ban kai ba tukuna. Likita ya ce tun da ba ni da hawan jini ko sukari, ba na kuma shan taba, in ci gaba haka in dawo bayan wata shida, in ya so a ga ko ana bukatar magani.

MAGANIN LIKITA DA BANGASKIYA

A nan Baba ya yi tuntuɓe, a nan kuma nake so ku saurara da kyau. Gyaran abinci yana da iyaka. Ga yawancin mutane yakan rage LDL da kashi ɗaya cikin goma, in an dage ƙwarai ya kai ɗaya cikin biyar. Wanda ya gāji abin, da mai ciwon sukari, da wanda ya taɓa yin bugun zuciya ko shanyewar jiki, sau da yawa wannan bai ishe su ba. Su ne ake ba ƙwayar da ake kira sitatin, mai rage LDL da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi. Masu cewa ba sa son maganin Bature sai na itatuwa, su sani wani masanin Japan, Akira Endo, a jikin fumfuna ya samo na farkonsa a shekarun 1970. Shi ma daga halittar Allah ya fito. Ba a barinsa don an ji sauƙi, gama da ma ba a jin ciwon. In ya sa ciwon tsoka, a koma wa likita ya sauya. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita kafin ta sha.

Tafarnuwa da lemun tsami abinci ne masu kyau, amma ba sa narkar da abin da ya maƙale a bangon jijiya. Ruwan kwalban nan da ake talla da lasifika a tasha, wai yana wanke kitsen jini cikin kwana bakwai, ba wanda ya san abin da ke ciki, waɗansu kuwa sun taɓa ƙoda da hanta.

Na ji masu cewa shan magani kullum rashin bangaskiya ne. 'Yan'uwa, ku buɗe 2 Sarakuna sura 20. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Manzo Bulus kuma ya koya wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Mu da muke share majami'a kowace Asabar, muna gyara rufinta tun damina ba ta faɗi ba, bai kamata mu bar wannan haikali sai ya rushe ba. A yi addu'a, a sha magani, a gode wa Allah saboda duka biyu.

In kuwa kuka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure yana gumi, kada a tsaya shafa mai ko ɗura masa ruwa a baki. A yi addu'ar a cikin mota, a hanyar asibiti. Kowane minti yana da tsada.

Ga roƙona kafin mu sake saduwa. Kowane maigida da uwargida da suka kai arba'in su je a auna musu kitsen jini, hawan jini da sukari, su je tare. Mai lafiya ma ya riƙa maimaitawa bayan shekara huɗu ko biyar. Zumuntar Mata su ware taro ɗaya su tattauna girkin bukukuwanmu. Mu maza kuma mu daina tura kwano don ba mu ga mai ba. Wanda ke da leda irin ta Baba a ƙarƙashin gado, kada ya fara shan tsohon magani da kansa, ya ɗauke ta ya kai wa likita a makon nan.

Baba yana shan maganinsa yanzu, Mama ce ke miƙa masa kowane dare. Lahadin da ta wuce jikokinsa suka kawo shi sujada, ya zauna a bencin gaba, wani saurayi ya yi karatun. Ku sa shi cikin addu'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu koma kan kuɗin makaranta. Alherin Ubangiji ya kasance tare da gidajenku duka.